Jujin Tayoyin Don Anacleto

Ranar da Don Anacleto Barrionuevo ya fara ganin teburin, ruwa ake tafkawa a San Gervasio kamar da bakin ƙwarya. Tun hantsi hadari ya gangaro daga kan duwatsu ya lulluɓe gonakin rake, kafin rana ta take kwatoci sun cika sun amayar, karnuka duk sun shige ƙarƙashin motoci. Shi kuwa ganyen mate, wanda muke jiƙawa mu sha kamar shayi, ya fito saya wa matarsa. Ruwan ya ritsa da shi daidai gaban tsohuwar tashar jirgi, ya tura ƙofa ya shiga don ya fake.

Tashar ta daɗe da mutuwa. Tun 'ya'yanmu suna rarrafe jirgi ya daina zuwa garinmu. Amma tsofaffin ma'aikatan layin dogo ba su iya zaman gida ba, sai suka roƙi ɗakin jira aka ba su, suka kafa wani dogon tebur a ciki, suka shiga gina garin a kansa yadda yake a zamanin da jirgi ke zuwa. Ga gidajen kwali, ga coci, ga tankin ruwa, ga injin matse rake da dogon bututun hayaƙinsa. Mutanen da ke tsaye a bakin layi ba su fi gaɓar yatsa tsawo ba. Ɗan ƙaramin jirgi na lantarki yana ta zagaye, yana jan taragon rake, har da fitila a goshi.

Anacleto bai taɓa aikin jirgi ba. Mai faci ne, ɗan mai faci. Rumfarsu tana bayan tasha, inda manyan motocin rake ke juyawa. Ubansa ya kafa ta, shi kuma a cikinta ya tashi, a cikinta ya tsufa. Baƙin roba ya shige masa layukan tafin hannu, ko ranar aurensa bai fita ba. A gefen rumfar akwai jujin matattun tayoyi, wanda ya soma tun zamanin uban, ya yi ta girma har ya ɗara rufin kwano. Shekarar da zazzaɓin sauro ya kwantar da rabin gari, hukuma ta turo motoci suka kwashe jujin, suka haɗa da rumfar, aka malale wurin da siminti. Bai yi musu da kowa ba, don ya san sauro na haihuwa a ciki. Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya koma gida, kuma tun daga ranar ya daina bin wannan hanya.

Babban tsofaffin ɗakin shi ne Fermín Albarracín, tsohon direban jirgi. Shi ya riƙe 'yar Anacleto a coci ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa compadre suke kiran juna, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tsiya ba.

"A'a, compadre!" in ji Fermín. "Yau ruwa ya kama ka ke nan? Koma waje ka ɗan ƙara tsayawa, ko Allah zai sa ka yi fari."

"Kai da ka ƙare rayuwarka a hayaƙin jirgi, ban ga ka fi ni haske ba. Miƙo mate, sanyi nake ji."

Aka miƙa masa ƙoƙon, ya zuƙa, ya mayar. Sannan ya shiga zagaya teburin a hankali, hannu a baya. Ya ga layin gidansu. Ya ga gidan burodi. Ya ga har bishiyar da ake ɗaure dawaki a jikinta. Da ya iso bayan tasha sai ya tsaya. An shimfiɗa wani koren yankin ƙyalle sumul, an dasa 'yan furanni jajaye a bakinsa.

"Wannan fa?"

"Ciyawa ce," in ji Fermín.

"Na ga ciyawa ce. Wace shekara aka taɓa samun ciyawa a bayan tasha? Ko akuya ta san ba ta da rabo a nan."

"To me kake so mu sa? Bola? Ranar bikin gari za a buɗe teburin nan, baƙi za su zo daga birni, sai mu ce ga jujinmu ku yi kallo?"

"Kun sa gidan giya."

"Gidan giya tarihi ne."

"Ubana ya fi mai gidan giya daɗewa a garin nan," in ji Anacleto, bai ɗaga murya ba. "Duk raken da ka ja da jirginka, a kan tayoyin da muka yi wa faci ya iso tasha."

Fermín ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai ba shi ke yanke hukunci ba, akwai ƙa'ida. Ƙa'idar kuwa ita ce: duk abin da za a sa a teburin, sai an kawo Doña Visitación ta duba. Tsohuwa ce tukuf, ta girmi kowa a gari, ita ce ta yi shekara da shekaru tana soya empanada, ƙullun fulawa mai nama a ciki, a ƙofar tasha. Ba a gaya mata komai. Idan ta kalli abu ta faɗi sunansa da kanta, ya zauna. Idan ba ta gane shi ba, a cire. Da haka ta tashi gidaje biyu da wata gada da aka sha wahalar yi.

"Kafin biki za mu liƙe komai mu rufe da gilashi," in ji Fermín. "Bayan gilashi ko ƙuda ba ya shiga. In ta gane jujinka, na cire ciyawata da hannuna. In ba ta gane ba, kada ka sake min maganar."

"Na ji."

Ruwa ya tsagaita, ya koma gida. Sai a ƙofa ya tuna bai sayi ganyen mate ba.

Matarsa, Doña Eulogia, ta saurari labarin tana yankan kabewa. Da ya gama ta ce, "Wato sun kwashe maka bola ka huta, yanzu kuma da kanka za ka ƙera wata. Tsoho, lafiyarka kuwa?"

"Ƙalau. Ara min tabaranki."

Rumfar ba ta ba shi wahala ba. Kwali ne da tsinken ashana da ɗan gwangwanin sardin da ya lanƙwasa ya yi rufi. Tayoyin ne aiki. A ma'aunin teburin, tayar babbar mota ba ta wuce maɓallin riga ba. Ya gwada laka, ta bushe ta tsattsage. Ya gwada ƙullun fulawa, tururuwa suka yi biki. Daga baya ya buɗe tsohon akwatinsa ya ga wani guntun tiyon mai na babur, ya juya shi a hannu, ya yanko siririn zobe da reza, ya ɗora a tafinsa. Taya ce sak. Tiyon ruwan wanke gilashin mota ya fi siranta, shi ya ba shi tayoyin ƙananan motoci.

Kullum bayan karin kumallo sai ya fito da ɗan tebur ƙarƙashin bishiyar lemo, inda haske ya fi kyau. Ya ɗora tabaran Eulogia a kan nasa. Hannunsa na rawa yanzu, sai ya dafa wuyan hannun a kan ƙaramin buhun shinkafa don ya tsaya. Ya zura zobe a ƙusa, ya murza shi a jikin samfefa har gefuna su yi gwanin kyau. Sannan ya gasa allura a kyandir, ya zana wa kowace taya haƙoranta ɗaya bayan ɗaya. Wata ta kuɓuce ta faɗa ƙasa, kaji su yi kanta a guje, ya tashi ya bi su. Wata rana zakara ya haɗiye masa guda, wadda ya fi so. Ya yanko wata.

Da suka cika gwangwanin madara sai ya shafe su da baƙin fenti, suka yi sheƙi. Ya kai su tasha, aka ɗage ciyawa, ya kafa rumfarsa, ya jera tayoyin a gefe, manya a ƙasa, ƙanana a sama, layi-layi. Tsofaffin suka yi ta yabawa. Aka aika aka ɗauko Doña Visitación.

Ta shigo tana dogara sanda, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa rufin tasha. Ta daɗe tana kallo.

"Wane mai arziki ne ya buɗe kanti a nan?" ta ce. "Sababbin tayoyi haka reras? Ban san shi ba. Wannan ba ɗan garin nan ba ne."

"Duba da kyau, Doña," in ji wani.

"Na duba. Idona ne ya tsufa, ba hankalina ba. A ba ni kujera."

Fermín bai yi dariya ba, ko da yake bakinsa na motsi. Ya kwashe tayoyin ya zuba wa Anacleto a gwangwaninsa, ya mayar da ciyawa. "Aiki ya yi kyau, compadre. Kyan ne ma ya yi yawa."

"Yaushe za ku sa gilashin?"

"Sai an soma yankan rake. Amma mun yi da kai..."

"Mun yi da kai in ba ta gane jujina ba. Wannan ba jujina ba ne. Gaskiya ta faɗa."

A gida ya juye gwangwanin a tebur yana kallo, ya rasa inda ya kuskure. Washegari yana cikin sabon yanka reza ta zame ta tsaga wata taya a gefe. Eulogia ta fito shanya ta same shi ya yanko wani ɗan mitsitsin roba, ƙanƙane kamar ƙwayar gero, yana ƙoƙarin liƙa shi da tsinke. Ta ajiye kwandon ta riƙe ƙugu.

"Tsoho, me nake gani? Faci kake yi mata?"

"Ta tsage."

"To ba bola za ta ba? Allah Sarki! Mutum zai gina maƙabarta, amma duk gawar da aka kawo sai ya tashe ta. Ka shekara nawa ana kawo maka taya tana numfashi sama-sama ka mayar da ita kan hanya. Hannunka bai iya kisa ba, shi ne ciwonka. Waɗanda ke jujin nan ai waɗanda suka fi ƙarfinka ne."

Ya ajiye tsinken.

Daga ranar ya soma koyon ɓata abu, kuma bai zo masa da sauƙi ba. Ta farko da ya ɓarka da gangan, sai da ya tashi ya zagaya tsakar gida ya dawo. Amma ya san yadda kowace taya take mutuwa, don a gabansa suka mutu. Ta motar rake gefen ciki take cinyewa, saboda lodin da ya wuce kima. Ta bas sanƙo take yi a tsakiya. Ta amalanke rana ke kashe ta, ta bushe ta yi tsaga-tsaga kamar diddige. Wadda ta fashe a guje kuwa wayoyinta ke fitowa, sun yi tsaye kamar gemun da ba a taje ba. Sai ya zana haƙora da allura kamar da, don ba a yin sanƙo sai da gashi, sannan ya goge su da samfefa har ya rage ɗan alama a gefe. Ya gasa cokali ya danne wasu suka lotse, kamar waɗanda suka shekara a ƙasan wasu. Ya warware tsohuwar wayar rediyo ya ciro siraran zaren tagulla ya cusa a bakin tsaga. Yana yi yana kiran sunayen masu motocin, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

"Da wa kake magana?" in ji Eulogia daga kicin.

"Da direban bas ɗin da ke hawa dutse. Na gaya masa ya rage gudu bai ji ba."

"Gaishe shi."

Launi ne ya tsaya masa. Matacciyar taya ba baƙa ba ce, ba kuma fara ba. Ya gauraya fenti iri-iri, duk sai su fito kamar an yi musu kwalliya. Sanyi ya shigo, aka soma yankan rake, Fermín ya aiko cewa mai gilashi ya zo ya auna tebur. Anacleto ya ce ya ji.

Kowa ya san yadda garinmu yake idan aka sa wa gonakin rake wuta. Toka ta yi ta sauka daga sama shiru, baƙa-baƙa, fara-fara, ta shiga miya, ta shiga ido. Wata safiya Eulogia ta fito tana faɗa saboda zannuwan gadon da ta shanya. Shi kuma ya manta da faifan tayoyinsa a bakin taga. Ya ɗauko guda don ya hure, sai ya fasa, ya murza ta da babban yatsa. Tokar ta shige cikin tsaga, ta kwanta a ramuka, saman ya dushe. Ya ɗaga ta ga haske. Wannan ita ce tokar da ta sauka a kan jujin kowace shekara tun yana yaro.

"Kada ki kakkaɓe zanin nan!" ya ce. Ya zo da kwano yana karkaɗe tokar a ciki.

"Jama'a ku zo ku gani," in ji Eulogia. "Gari duk na zagin toka, mijina na girbinta."

Saura kwanaki kaɗan a sa gilashi ya koma tasha da gwangwaninsa. Fermín ya yi ajiyar zuciya ya ɗage ciyawa. Wannan karon Anacleto bai jera komai ba. Ubansa bai taɓa ɗaukar matacciyar taya ya ajiye ba. Daga ƙofar rumfa yake tsayar da ita, ya tura ta da ƙafa, ta gangara ta faɗi inda ta ga dama. Haka shi ma ya yi har ya tsufa. Sai ya tsayar da taya a ƙofar 'yar rumfar kwali, ya ɗan taɓa ta da farce, ta mirgina ta faɗi. Inda ta kwanta nan ya ɗiga mata gam. Ya soma da sirara na zamanin uban, don su ne a ƙasa. Faffaɗan na baya suka hau kansu. Da jujin ya yi tudu sai ya riƙa sako su daga sama kaɗan, kamar yadda yakan wurga da ƙarfinsa.

"Haka za mu kwana, ɗaya-ɗaya?" in ji wani tsohon mai ba jirgi hannu.

"Shi na ainihin ya fi haka daɗewa."

Tun suna tsokana har suka jawo kujeru. Ƙoƙon mate yana zagayawa, kowa na cewa ga inda wannan za ta faɗi. Wata ta ƙi faɗuwa, ta wuce jujin ta hau layi, ɗan jirgin ya zo ya yi karo da ita ya kife.

Fermín ya buga tebur. "Na rantse haka ubanka ya yi min! Ina shigowa da lodi sai ga taya a gabana tana tafiya kamar mai zuwa kasuwa. Sai da na zage shi tas."

"Na tuna. Shi ma ya rama."

Da gwangwani ya ƙare, Anacleto ya tsefe igiyar buhu ya dasa busassun ciyayi a tsakani. Ya ja baya ya duba. Ya yi kama, amma da sauran abu, kuma ya san ko menene. A aljihunsa akwai 'yar kwalbar man goge katako mai haske kamar ruwa. Tun daga gida yake shawara da zuciyarsa a kanta. Ruwan da ke kwanciya a cikin tayoyin shi ya haifi sauro, shi ya kwantar da mutane, shi ya ci rumfar ubansa. Yana iya barin jujin a bushe, ba wanda zai ce masa don me. Ya juya kwalbar a hannu. Sannan ya buɗe, ya tsoma tsinke, ya bi duk tayar da ta kwanta baki sama ya ɗiga mata, har suka riƙa ƙyalli kamar bayan ruwan sama.

Washegari da hantsi aka kawo Doña Visitación. Anacleto ya tsaya can baya kusa da ƙofa, hularsa a hannu. Ta sunkuya, ta bi tasha da ido, ta zagayo baya. Sai aka ga bakinta ya murguɗe. Ta miƙe tana buga sanda a ƙasa.

"Ina Anacleto? Kai ɗan baƙin hannu! Har yanzu ba ka kwashe ƙazantar nan ba? Dubi ruwa kwance a ciki! Na gaya wa ubanka, na gaya maka, sauronku ya hana ni suya da yamma. Mutum ya zo sayen empanada sai ya ci da hannu ɗaya yana mari da ɗaya. Kuma kazata a ƙarƙashin waccan babbar take zuwa ta yi ƙwai, ba ku taɓa dawo min da ko ɗaya ba!"

"Ki yi haƙuri, Doña," in ji Anacleto. "Za a gyara."

"Haka ubanka yake cewa."

Dariya ta ɓarke a ɗakin. Fermín ya ɗauki koren yankin da furanninsa, ya naɗe, ya miƙa masa. "Ungo, compadre. Kai wa Eulogia ta goge tukunya."

An sa gilashin kafin biki. Jujin yana nan a bayan tashar kwali, gefen rumfa, ruwa na ƙyalli a cikinsa. Don Anacleto yana gidansa tare da Eulogia, idonsa ya ƙara rauni, ya mayar mata da tabaranta. Duk ranar Asabar yakan je tasha shan mate, kuma ta hanyar baya yake bi, ta kan simintin.